Kek Ɗin Ajantina Da Ba A Gasawa: Yadda Za A Yi Shi A Karfi

Masu sauraron rediyo sun san ƙasar Ajantina ta wajen ƙwallo. Ita ce ƙasar Maradona da Messi. Ita ce kuma Nijeriya ta ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na Olamfik a 1996. Ƙasar tana Kudancin Amurka. Allah ya hore wa mutanenta shanu da madara mai yawa.

Akwai wani kayan zaƙi da suke ji da shi ƙwarai. Sunansa cokotorta. Kek ne, amma ba a gasa shi. Ba ya son tanderu, ba ƙwai, ba fulawa. Wata mata mai aikin talla, Marité Mabragaña, ita ta fito da shi a 1982, don a riƙa sayen biskit ɗin Chocolinas tare da wani cuku mai laushi da ake kira Mendicrim. Yau ana yawan yin sa a gidajen ƙasar, musamman idan ana wa yara liyafa.

Abu uku ake haɗawa: biskit mai koko, da cuku mai laushi kamar man shanu, da madarar da aka dafa da sukari har ta yi kauri ta koma launin ƙasa. Wannan madara ita suke kira dulse de lece, wato zaƙin madara.

To, 'yan Ajantina da yawa suna zaune a Sifen da Italiya da Amurka. A can ba kullum ake samun waɗannan kaya ba. Ba su haƙura ba. Sai suka duba aikin da kowane abu yake yi, suka nemi madadinsa a kasuwar da suke. Biskit shi ne jiki. Dafaffiyar madara ita ce zaƙi. Cuku kuwa ɗan tsaminsa ne yake rage zaƙin don kada ya gundiri mai ci. Uwargida a Karfi za ta iya bin wannan dabara, domin kusan duk kayan suna hannun matan Fulani masu tallar nono da masu tireda.

Dafa madara

Wannan shi ne babban aikin, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. A auna sabuwar madarar shanu da gwangwanin madara sau 6, wato kusan lita 1. A zuba sukari gwangwani 2. A sami tukunya babba mai kaurin gindi, domin madara tana kumfa ta zube.

Mutanen Ajantina suna ƙara rabin ƙaramin cokali na wata farar hoda da ake kira soda. Aikinta biyu ne. Tana hana madara tsinkewa, tana kuma sa ta yi ja da wuri. Kanwa 'yar uwar wannan hoda ce. A jiƙa 'yar kanwa kamar ƙwayar gyaɗa, a bari ta kwanta, a tace, a zuba ruwanta ƙaramin cokali ɗaya. Kada a wuce haka. In kanwa ta yi yawa, madarar za ta yi baƙi ta yi bauri.

Gawayi ya fi itace, don wutarsa ba ta hauka kuma ba hayaƙi. A riƙa juyawa da muciya ko ludayin itace. Aikin yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Can wajen ƙarshe ba a ɗaga hannu ko kaɗan, in ba haka ba ta kama. Idan aka ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi bai gudu ba, ta yi. Wadda ta iya tuwon madara ba za ta sha wuya ba, sai dai wannan ana sauke shi tun yana shafuwa, kafin ya daskare.

'Yan Ajantina da ke waje suna da gajeriyar hanya. Sukan dafa gwangwanin madara mai kauri mai sukari, ba tare da sun buɗe shi ba, awa 2 zuwa 3. Amma akwai haɗari. Dole ruwa ya rufe gwangwanin daga farko har ƙarshe, kuma ba a buɗe shi sai ya huce sarai. In ruwan ya ƙone, gwangwani yana iya fashewa ya ƙona mutum. Madarar ruwa ta shayi marar sukari ba ta yin wannan aiki.

Kindirmo a maimakon cuku

Busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar bai dace ba. Tsalan nono ma bai dace ba, ruwa ya yi masa yawa. Kindirmo ake so, mai kauri, na ranar. A zuba shi a farin ƙyalle mai tsabta, a ɗaure, a rataye a inuwa kamar awa 3 zuwa 4. Ruwan zai tsiyaye, ya bar wani abu mai laushi.

A Ajantina daidai wa daida ake haɗa cuku da dafaffiyar madara. Amma kindirmo ya fi cukunsu tsami. Saboda haka a fara da ludayi ɗaya na kindirmo ga ludayi biyu na madara, a juya, a ɗanɗana. Sai madarar ta huce kafin a haɗa.

Wani abu mai muhimmanci: ya kasance da tafasasshiyar madara aka yi kindirmon. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daga saniya, har da na tarin fuka. Wannan kek ba ya komawa wuta, balle zafi ya kashe su. Mafi kyau uwargida ta tafasa madara ta kafa kindirmonta da kanta.

Jera biskit

Biskit ɗin Cabin ya isa, don yana da kusurwa huɗu kuma bai cika zaƙi ba. Tunda ba shi da koko, sai a dama Bournvita ko Milo da kauri a ɗan ruwan ɗumi. A can da kofi suke jiƙa nasu, amma in yara za su ci gara a bar kofi.

A tsoma biskit, a ƙirga ɗaya, biyu, a cire. In ya daɗe zai zama kunu. A jera shi a tire ko kwanon silba, a shafa haɗin madara a kai, a sake jera wani. Hawa huɗu ya wadatar. Haɗin madara shi ne na ƙarshe a sama. Mai so ta barbaɗa dakakkiyar soyayyar gyaɗa.

Ina za a sami sanyi?

Kek ɗin yana son awa 4 ko fiye cikin sanyi, don biskit ya sha ya yi laushi har a iya yankawa. Mai firji ba ta da damuwa. Wadda ba ta da shi, ta sa ƙanƙara a kula, ta ɗora kwanon a kai a rufe.

Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Da hunturu tana sanyi sosai. Da damina kuwa iska tana da laima, sanyin ba ya kai haka. Ga shi kuma da damina ne madara ta fi yawa da araha.

Don haka a raba aikin gida biyu. Dafaffiyar madara takan yi kwanaki a kwalba mai tsabta da murfi, saboda sukarin da ke cikinta. Ana shafa ta a burodi ko masa, kuma ko ita kaɗai abin sayarwa ce, maimakon madara ta kwana ta lalace. Amma da zarar kindirmo ya shiga, a ranar za a ci. Wadda za ta yi don Sallah ko suna, ta dafa madara jajibere, ta rataye kindirmo da asuba, ta jera biskit da hantsi, a yanka bayan la'asar. Abin da ya kwana ba firji, kada a ba yara. Masu ciwon sukari kuma wannan ba nasu ba ne.