Karkarwar Rile A Janareto: Dalilanta Da Maganinta

Gabatarwa

Garin Jos ya daɗe da sanin wutar lantarki. Tun a shekarar 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra domin ma'aikatun haƙar kuza. Daga baya aka sami NEPA a 1972, sai PHCN a 2005, sannan a 2013 rarraba wuta a Jihar Filato ya koma hannun kamfanin JED. Duk da wannan dogon tarihi, asibitoci da bankuna da otal-otal, har ma da shagunan Terminus da na titin Ahmadu Bello, kowa yana ajiye da janareto domin ko-ta-kwana. Manyan cikinsu suna tashi da kansu da zarar an ɗauke wuta. Amma wani lokaci maimakon injin ya tashi lafiya, sai a ji wani ƙaramin abu a cikin akwatin wayoyi yana kat-kat-kat ba ƙaƙƙautawa. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke kawo wannan ƙara da kuma hanyoyin magance ta.

Mene ne rile?

Rile makunni ne wanda wuta ke dannawa a madadin yatsar mutum. A cikinsa akwai naɗaɗɗiyar waya da makanikai ke kira kwayil. Idan wuta ta ratsa kwayil ɗin sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe, bakunan makunnin su haɗu. Idan wutar ta yanke sai sifirin ya mayar da ƙarfen wurinsa. Amfaninsa shi ne ƙaramar wuta tana iya ba babbar wuta umurni. Idan rile ya shiga kamawa da saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, shi ne abin da muka kira karkarwa a nan, domin ya yi kama da haƙoran mai jin sanyi suna haɗuwa.

Yadda ake auna gudun inji

A bayan injin akwai wani babban faifan ƙarfe mai haƙora a gefensa. Kusa da haƙoran ana ɗaura ɗan ƙaramin maganaɗisu mai kwayil, wanda za mu kira mai jin gudu. Duk haƙorin da ya gitta ta gabansa yana haifar da bugun wuta ɗaya. Mu ɗauka faifan yana da haƙora 120. Babban janareto a Nijeriya yakan juya sau 1,500 a minti ɗaya, wato sau 25 a daƙiƙa, don haka za a sami bugu 3,000 a kowace daƙiƙa. Wata 'yar na'ura tana mayar da yawan bugun ya koma ƙarfin wuta, wata kuma tana gwada wannan ƙarfi da iyakar da aka sa mata. Idan gudun ya kai iyakar sai ta umurci rile ya yi aiki. Wannan haɗi gaba ɗayansa shi ne makunnin gudu.

Yana da manyan ayyuka guda biyu. Na farko, ya cire sitata da zarar injin ya kama, a ce idan ya kai juyi 400 a minti. Na biyu, ya kashe injin idan gudunsa ya wuce kima, galibi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, wato tsakanin juyi 1,650 da 1,725.

Daga ina karkarwar take fitowa?

Babban dalili shi ne iyaka guda ɗaya tak. Inji ba ya gudu daidai wa daida, musamman a lokacin tashi, domin duk sanda fistin ya matse iska gudun yakan ragu, idan mai ya kama kuma ya ƙaru. To idan an ce wa na'urar ta kama a 400 ta kuma saki a 400, injin kuwa yana kai-komo tsakanin 390 da 410, mai karatu na iya hasashen abin da zai faru. Rile zai kama, ya saki, ya sake kamawa, gwargwadon yadda gudun ke tsallake iyakar.

Dalili na biyu shi ne raunin batir. Sitata tana jan wuta mai yawa ƙwarai, har batir mai bolt 12 yakan faɗo zuwa 10 ko ƙasa da haka a lokacin. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin hunturu yana rage wa batir ƙarfi, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri. Idan wutar ta faɗi sai na'urar ta rikice ta saki rile, sitata ta tsaya, batir ya farfaɗo, rile ya sake kamawa, wutar ta sake faɗuwa.

Dalili na uku shi ne gurɓatar saƙo. Idan mai jin gudu ya yi nisa da haƙoran, ko garin ƙarfe ya manne a bakinsa, ko wayarsa ta bi ta jikin kebul ɗin sitata, na'urar za ta ƙirga bugun da babu shi ko ta tsallake wanda yake akwai.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Kowane kamu da saki yana fitar da tartsatsi wanda ke cin bakunan rile har su ƙone ko su manne. Mafi muni, idan ƙaramin giyar sitata ya sake shiga faifan da ya riga ya fara gudu, haƙora na iya karyewa. Gyaran wannan sai an kwance bayan inji, kuma ɗakin tiyata ko ɗakin ajiyar jini ba ya iya jiran kwana biyu babu wuta.

Hanyoyin magancewa

Magani na farko shi ne tazara. A ba na'urar iyaka biyu: ta kama idan gudu ya kai 400, amma kada ta saki sai ya sauko ƙasa da 300. Da haka ɗan kai-komon da injin ke yi ba zai isa ya canza mata shawara ba. Firjin gida ma haka yake aiki, domin sanyin da yake tsayawa a kansa daban yake da ɗumin da yake sake tashi a kansa. A aikace, rizisto ɗaya ake haɗawa daga mafitar na'urar gwaji zuwa mashigarta, ta yadda da zarar ta yanke hukunci sai iyakar ta gusa. Wani masani Ba'amurke mai suna Otto Schmitt ne ya ƙirƙiro wannan dabara a 1934, kuma har yau da sunansa ake kiranta.

Na biyu shi ne jinkiri. Ana sa kondensa domin ta shanye ƙananan hawa da saukar wuta, ko a sa na'urar ta jira kamar rabin daƙiƙa kafin ta ba rile umurni. Sai dai a yi hattara: kondensa mai girma da yawa tana sa na'urar nawa, injin da ya ƙwace kuwa ba ya jira.

Na uku shi ne kulle. Makunnin da ya kashe inji saboda wuce kima bai kamata ya saki da kansa ba, sai mutum ya zo ya duba ya danna maɓalli. Haka ma sitata, idan an cire ta, a hana ta komawa har sai injin ya tsaya cik.

Na huɗu shi ne tsabtace wuta da saƙo. A ba na'urar tata wayar kai tsaye daga batir, tare da dayod da kondensa da za su riƙe mata wuta lokacin da sitata ke ja. A gitta wani dayod a kan kwayil ɗin rile domin ya shanye wutar da kan dawo baya idan an yanke shi. A goge bakin mai jin gudu, a murɗa shi har ya taɓa haƙori, injin a kashe, sannan a dawo da shi baya kamar rabin juyi. Wayarsa kuma ta kasance mai rigar kariya, nesa da manyan kebul.

Kammalawa

Sau da yawa idan rile ya fara ƙara, abin da ake fara yi shi ne a sayo sabo, kuma ba a daɗewa sabon ma ya bi sahun tsohon, saboda umurnin da ake ba shi ne bai tsaya wuri ɗaya ba. Don haka ya fi kyau mai gyara ya bi abin daki-daki: ya auna batir lokacin da sitata ke ja, ya duba kawunan batir ko sun yi tsatsa, ya duba mai jin gudu da wayarsa, sannan ya tabbatar akwai tazara tsakanin iyakar kamu da ta saki. Ga mu ɗaliban harshe kuwa, kalmomi irin su karkarwa da tazara da jinkiri da kulle duk muna da su a bakinmu tun tuni. Akwai buƙatar mu riƙa zuwa garejin Farin Gada muna sauraron yadda makanikai ke kiran waɗannan abubuwa, mu rubuta su, domin a samu littattafan sana'a da yaran shago za su iya karantawa da Hausa.