Yammacin Sahara: Tun 1991 Ake Jiran Akwatin Ƙuri'a

Har yanzu akwai dattawa a Mubi da Gwoza da Ganye waɗanda suke tunawa da watan Fabrairu na 1961, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo akwatunan ƙuri'a ta tambayi mutanen Arewancin Kamaru inda suke son bi, Nijeriya ko Kamaru. Suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, magana ta ƙare. To, akwai wasu jama'a a can kusurwar arewa maso yammacin Afirka waɗanda aka yi wa alkawarin irin wannan ƙuri'a, amma ga shi shekaru fiye da talatin sun wuce ba su ga ko akwatin ba. Su ne Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara.

Ƙasar tasu tana bakin Tekun Atlantika, tsakanin Maroko da Muritaniya, ta kuma ɗan taɓa Aljeriya ta gabas. Galibinta hamada ce. Mutanenta Musulmi ne, asalinsu makiyayan raƙuma, suna magana da Larabcin Hasaniyya. Turawan Sifen suka kafa mulkin mallaka a can cikin 1884. Ko da yake ba ta da ruwa, ƙasar ba matalauciya ba ce, gama a Bu Kra'a akwai ma'adinin fosfat wanda ake yin takin zamani da shi, kana bakin tekunta yana cikin wuraren da suka fi kifi a Afirka.

Mafarin rikicin

Cikin 1973 waɗansu samari suka kafa ƙungiyar Polisario don korar Sifen. Da Sifen ta ga zama ba zai yiwu ba, sai ta ƙidaya mutane cikin 1974, ta sami kimanin 74,000, ta ce za ta shirya ƙuri'ar raba gardama. Nan fa Maroko da Muritaniya suka ce ai ƙasar tasu ce tun kafin zuwan Turawa. Aka kai magana Kotun Duniya. Ran 16 ga Oktoba, 1975, kotun ta ce lalle akwai waɗansu kabilun da suka yi mubaya'a ga Sarkin Maroko a da, amma wannan bai isa ya sa ƙasar ta zama tasa ba, kuma bai hana mutanenta ikon zaɓar makomarsu ba.

Sarki Hassan na Biyu bai tsaya wata-wata ba. Ran 6 ga Nuwamba ya tura farar hula kimanin 350,000 suka ƙetare iyaka riƙe da tutoci da Alƙur'ani. A lokacin shugaban Sifen, Janar Franco, yana kan gadon mutuwa. Bayan kwana takwas aka sa hannu a wata yarjejeniya a Madrid, aka danƙa ragamar ƙasar ga Maroko da Muritaniya, ba tare da an tambayi masu ita ba. Dubban mutane suka gudu cikin hamada suka nufi Tinduf ta ƙasar Aljeriya. Ran 27 ga Fabrairu, 1976, Polisario ta yi shelar kafa jamhuriyar Sahrawi, yaƙi ya kankama. Muritaniya ta sha wuya ta janye cikin 1979, Maroko kuwa ta mamaye rabon da ta bari.

Ganuwar rairayi

Daga 1980 zuwa 1987 sojojin Maroko suka gina ganuwa ta rairayi da duwatsu mai tsawon kilomita kusan 2,700, watau ta fi tafiyar Ikko zuwa Kano da dawowa. An jera sansanonin soja a kanta, an binne nakiyoyi birjik a gabanta, har yau kuwa nakiyoyin nan suna hallaka makiyaya da raƙumansu. Ganuwar ta raba ƙasar biyu. Kimanin kashi 80 cikin 100, har da garuruwa da ma'adinai da bakin teku, suna hannun Maroko.

Ta kuma raba dangi. Mai zaman ci-rani a Agege ko Sabo ta Ibadan, kome daɗewarsa, ya san idan Salla ta ƙarato zai iya shiga mota ya tafi gida. Na Tinduf ba shi da wannan hali. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cikin 2018 cewa mutum 173,600 ke zaune a sansanonin, suna dogara ga abincin agaji. Saboda begen gida suka sa wa sansanonin sunayen garuruwan da suka baro: Layun, Samara, Dakhla, Ausard da Bujdur. Waɗanda aka haifa a tanti cikin 1976, yau wasunsu har sun yi jikoki a wurin.

Wa ya isa ya jefa ƙuri'a?

Ran 6 ga Satumba, 1991, aka tsagaita wuta bisa sharaɗin za a yi ƙuri'a: ko 'yancin kai, ko haɗewa da Maroko. Aka kafa rundunar MINURSO musamman don wannan aiki. Sai gardama ta tashi a kan masu jefa ƙuri'ar. Polisario ta ce a bi ƙidayar 1974. Maroko ta ce akwai dubban 'yan asalin ƙasar da ƙidayar ta tsallake. Aka riƙa zaunar da shehunan kabilu suna tantance mutane ɗaya bayan ɗaya, har cikin 2000 aka fitar da sunaye kimanin 86,000. Sai ga ƙorafi fiye da 130,000 sun biyo baya, aikin ya tsaya cik. James Baker na Amurka ya kawo wani shiri cikin 2003, Maroko ta ƙi, ya ajiye aikin cikin 2004. Cikin 2007 Maroko ta ce iyakar abin da za ta bayar shi ne yankin ya gudanar da harkokinsa na cikin gida a ƙarƙashin tutarta.

Ba mai sa ido

Abin da ya fi damun masu kare haƙƙin ɗan Adam shi ne, MINURSO ba ta da ikon binciken cin zarafin jama'a, alhali kuwa yawancin rundunonin Majalisar na zamanin nan suna da shi. Amurka ta nemi a ba ta ikon cikin 2013, Maroko ta tayar da jijiyar wuya, aka janye maganar.

Ga misalin Aminatu Haidar. An kama ta cikin 1987, ba a sake jin ɗuriyarta ba sai 1991, lokacin da aka saki ɗaruruwan Sahrawi daga gidajen kurkuku na ɓoye. Cikin 2009 aka hana ta shiga Layun don ta ƙi rubuta cewa ita 'yar Maroko ce a takardar filin jirgi. Sai da ta yi kwana 32 tana ƙin cin abinci kafin a bar ta ta koma gida. Cikin 2010 kuma dubban mutane suka kafa tantuna a Gidim Izik suna kukan rashin aiki da muhalli. Ran 8 ga Nuwamba aka tarwatsa su da ƙarfi, aka rasa rayuka, ciki har da jami'an tsaron Maroko 11. Waɗanda aka ɗaure a kan wannan sun ce da azaba aka sa su amsa laifi, gwamnati kuwa ta musanta. 'Yan jarida da baƙi masu bincike sau da yawa daga filin jirgi ake juya su.

Polisario ita ma ba ta wanku ba. Ta riƙe sojojin Maroko da ta kama shekara da shekaru bayan tsagaita wuta, sai cikin 2005 ta saki 404 na ƙarshe. An kuma zarge ta da danne masu suka a cikin sansanoninta. Maroko a nata gefe tana nuna hanyoyi da tashoshin jiragen ruwa da asibitocin da ta gina a yankin.

Ina aka dosa?

Nijeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi cikin Nuwamba 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, Ibrahim Gambari yana ministan harkokin waje. A watan nan ne Maroko ta fice daga Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, ba ta dawo ba sai 2017. Amma iska ta juya. Tsagaita wutar ta rushe a Gargarat cikin Nuwamba 2020. Wata guda bayan haka Shugaba Trump ya ce Amurka ta amince ƙasar ta Maroko ce. Sifen cikin 2022 da Faransa cikin 2024 suka goyi bayan shirin Maroko, kana cikin Oktoba 2025 Kwamitin Sulhu ya ɗauki shirin a matsayin tushen shawarwari. Sai dai cikin Oktoba 2024 babbar kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyoyin ciniki da kamun kifi da aka ƙulla da Maroko, don ba a nemi yardar mutanen Yammacin Sahara ba.

Wataƙila idan an tambayi Sahrawi wasu za su zaɓi Maroko, wasu su zaɓi 'yanci. Ba wanda ya san adadinsu, domin ba a taɓa tambayarsu ba. Mutanen Lardin Sardauna an tambaye su, shi ya sa ba a jibge musu soja don su zauna a Nijeriya ba. Alkawari kaya ne, in ji Bahaushe, na Yammacin Sahara kuwa har yanzu yana kan Majalisar Ɗinkin Duniya.