Sabon Magani ga Masu Yankewar Numfashi Cikin Barci

Wannan lalura, wadda galibi minshari mai ƙarfi ke alamta ta, asalinta rufewar maƙogwaro ne sa'ad da naman wurin ya saki, har numfashi ya ɗauke, mutum ya wayi gari da kasala. Tun 1981, lokacin da Colin Sullivan na Ostireliya ya bayyana na'urar da ke hura iska ta hanci, ita ce madogara, ko da yake da yawa ba sa jure kwana da ita. A Disambar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta halatta allurar Zepbound, sau ɗaya a mako, ga manya masu ƙiba da ke fama da wannan lalura. Fa'idarta kuwa galibi daga rage ƙibar take, don haka siriri ba ya cikin hukuncin.