Juyin Juya Halin Haiti: Bayin da Suka Ƙwaci 'Yancinsu

A watan Agustan 1789, makonni kaɗan bayan mutanen Paris sun fasa kurkukun Bastille, majalisar Faransa ta shelanta cewa ana haihuwar mutane 'yantattu ne, kuma daidai suke a wajen haƙƙi. Wannan magana ce ta kayar da gadon sarauta, har aka sare kan Sarki Louis na 16 a Janairun 1793. Sai dai da yawa daga masu wannan shela ba su sa bayi a lissafi ba.

A tsallaken Tekun Atlantika, Faransa na riƙe da Saint-Domingue, yankin da ake kira Haiti a yau. Babu wata ƙasar mallaka da ta kai ta kawo riba a wancan zamani, domin sukari da kofinta ne suka cika kasuwannin Turai. Bayi kusan rabin miliyan ke noma su, akasarinsu haifaffun Afirka, kuma wahalar gonar rake tana cin rayukansu har sai an riƙa shigo da sababbi kowace shekara.

A Agustan 1791 bayin arewacin yankin suka yi bore ƙarƙashin jagorori irin su Boukman, suka cinna wa gonaki wuta. Daga cikin wannan yaƙi Toussaint Louverture ya fito. Bawa ne da aka 'yanta tun kafin boren, ya iya karatu, ya san doki, ya kuma san lokacin sauya abokin ƙawance. Ya fara da Sifaniya, amma a 1794, shekarar da Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mallaka, ya koma ɓangarenta, ya yaƙi Sifaniya da Ingila. A nan ya kamata mai karatu ya lura: sokewar ba kyauta ba ce, wakilan Faransa sun amince da abin da bayi suka riga suka ƙwata da makami.

Toussaint ba mala'ika ba ne. Ya tilasta wa 'yantattun bayi ci gaba da aiki a gonakin da suka tsana, yana ganin in babu kuɗin sukari babu bindigar kare 'yanci. A 1801 ya fito da tsarin mulkin da ya haramta bauta har abada, ya kuma naɗa kansa gwamna na muddin rai.

Napoleon, wanda ke mulkin Faransa a lokacin, bai lamunta ba. Ya turo runduna ƙarƙashin surukinsa Leclerc a 1802, aka yaudari Toussaint aka kama shi, ya rasu a kurkukun Fort de Joux a Afrilun 1803. Da labari ya iso cewa an maido da bauta a Guadeloupe, wata ƙasar mallakar Faransa, sai yaƙi ya sake tashi. Zazzaɓin shawara ya yi wa sojan Faransa ɓarna, Jean-Jacques Dessalines, wanda ya karɓi jagorancin yaƙin, ya ƙarasa su a Vertières, ya shelanta 'yancin Haiti ranar 1 ga Janairun 1804. Shi ne kuma ya sa aka karkashe mafi yawan Faransawan da suka rage, tabon da ba a ɓoye shi.

Duniya ba ta yi maraba da sabuwar ƙasar ba. A 1825 Faransa ta jera jiragen yaƙi, ta ɗora wa Haiti diyyar faran miliyan 150 don biyan tsofaffin iyayen gijin bayi, bashin da ya daɗe yana karya ta. Amurka kuwa sai a 1862 ta amince da ita a matsayin ƙasa.