'Yar Tsana Jiya da Yau: Tsokaci a Kan Ƙorafin Inganci da Siga

Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun daɗe suna ambaton 'yar tsana a cikin jerin wasannin yara mata, tare da tuwon ƙasa da gaɗa da carafke, amma galibi a gurguje ake wuce ta, kamar dai abin da bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi 'yar tsana ta wata fuska daban, watau ta fuskar ƙorafin da ake yi a kanta. A Amurka da ƙasashen Turai akwai manyan mutane, masu gemu da iyali, waɗanda sha'awarsu ita ce sayen mutum-mutumin jarumai na roba su jera a kabad, kuma ba su da hira sai ta sukar kamfanonin da ke ƙera su. Za a bi diddigin wannan ƙorafi, sa'an nan a auna shi da abin da ke faruwa a kudancin Jihar Jigawa, musamman Birnin Kudu da Gwaram. Ra'ayin da za a yi ƙoƙarin karewa shi ne, ƙorafi irin wannan ba ya tsirowa sai inda mai ƙerawa da mai wasa suka zama mutum biyu, kowa da inda ya sa gaba.

Abin wasan da yaro ya haɗa da hannunsa

A ƙasar noma irin ta Birnin Kudu da Gwaram, kaka ita ce lokacin buɗe masana'antar yara. Da zarar an yanke dawa da gero, sai kara ya wadata. Yarinya takan sami guntun kara, ko totuwar masara, ko ƙashin ƙafar tunkiya, ta roƙo ƙyalle a wajen tela ta ɗaura masa zane, ta yi masa kitso da zare ko danƙo, ta rataya masa 'yan duwatsun wuya, shi ke nan ta sami ɗiya. Za ta goya ta, ta yi mata wanka, ta yi mata suna, har ranar da za a taru da ƙawaye a yi bikin 'yar tsana, a kai amarya da jere na marfin kwalba da fasasshiyar ƙwarya. Yara maza kuwa nasu shi ne dokin kara da motar kara, wadda akan fere ɓawon karan a soka a totuwa har a fitar da bodi da ƙafafu, sai kuma motar langalanga mai tayar tsohon silifas, da shanun yumɓu masu ƙahon ƙaya.

Akwai wani abin lura game da shanun nan na yumɓu. Kowane yaro sai ya ɗora wa sansa tozo, domin irin shanun da yake gani ke nan Fulani na korawa. To, amma a cikin kogunan duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda Bernard Fagg ya yi bayaninsu a shekarun 1950, kuma shanun da ke jikin dutsen ba su da tozo: wasu masu dogon ƙaho ne, wasu gajeru masu kama da muturu. Ke nan mai zanen dutse da mai murza yumɓu kowannensu abin da idonsa ya gani ya siffanta. Babu wanda ya zauna a wata uwa duniya ya yanke musu yadda sa zai kasance. In ƙaho ya karye a sake tsinko ƙaya, in zane ya tsufa a sake ƙyalle. Wanda ya yi abu da hannunsa, in bai yi kyau ba, wa zai kai ƙara?

Asalin mutum-mutumin jarumai

A 1959 kamfanin Mattel na Amurka ya fitar da 'yar tsanar nan Barbie, ta kuwa sami karɓuwa ƙwarai da gaske. Ganin haka, a 1964 kamfanin Hasbro ya fito da ta maza, watau wani soja mai suna G.I. Joe, mai tsawon kusan inci 12, da gaɓoɓi 21 masu motsi. Da yake an san yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da 'yar tsana ba, sai kamfanin ya guje wa kalmar ɗungurungum, ya laƙaba wa abin sabon suna mai nuna jarumi a fagen fama. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe, domin ko a nan gida yaron da aka kama da goyon kara ya shiga uku da tsokanar sa'o'insa.

Matsalar man fetur ta 1973 ta sa roba ta yi tsada, saboda daga man ake samo ta. Ba a daɗe ba babban sojan nan ya gagari kasuwa, aka daina yin sa a 1976. Daga nan sai kamfanin Kenner ya sami lasisin yin jaruman fim ɗin Star Wars na 1977, ya zaɓi ya yi su ƙanana, inci 3 da rubu'i uku kacal, masu motsi a wuri 5: wuya, da kafaɗu biyu, da cinyoyi biyu. Kayan ma ba su kammala ba har Kirsimetin 1977 ta zo, sai kamfanin ya sayar wa iyaye kwali mai takardar alkawari, babu jarumi ko ɗaya a ciki, aka aika da jaruman ta gidan waya a 1978. Duk da haka, daga 1978 zuwa 1985 an sayar da fiye da miliyan 300. Yaran wancan zamani su ne suka girma suka zama masu tarawa na yau, kuma su ne masu ƙorafin.

Ƙorafin inganci

Kashi na farko na ƙorafin ya shafi jikin abin. Lokacin da Hasbro ya dawo da G.I. Joe a 1982 cikin ƙaramar siga, wani zoben danƙo ne aka sa a cikin cikinsa ya riƙe ƙugu da ƙirji. Shekaru na tafiya danƙon yana bushewa, wata rana sai mutum ya buɗe kabad ya tarar da sojansa ya rabu gida biyu. Babban yatsa yakan ɓalle in an cusa masa bindiga. Fararen sojojin Star Wars sukan koma ruwan ɗorawa saboda rana da zafi, roba mai taushi kuma takan yi ta tsattsafo da wani maiƙo mai danƙo. Daɗin daɗawa ga fenti: ido ɗaya ya dubi gabas, ɗaya ya dubi arewa.

A 2022 Hasbro ya fara sayar da jarumansa cikin kwali rufaffe, ba tare da farar ledar nan da ake hango abin da ke ciki ba, wai don rage sharar roba. Masu tarawa suka ce ba su yarda da cinikin biri a sama ba, tun da ba za su iya duba fenti kafin su biya ba, ga kuma 'yan damfara da ke musanya abin da ke ciki su mayar wa kanti. A 2023 kamfanin ya ba da sanarwar komawa ga tsohon kwali a kayan manya. Wannan duka ƙorafin mai kuɗi ne. Wanda ya fi shi nauyi shi ne na 2007, sa'ad da Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa da aka ƙera a Sin, wasu saboda an sami dalma a fentinsu, wasu saboda ƙananan maganaɗisun da yaro ke iya haɗiyewa.

Ƙorafin siga

Kashi na biyu shi ne na kama, kuma a ganina shi ya fi cancantar nazari, domin a nan ne ake gane tunanin mai ƙerawa. A 1978 an ba ma'aikatan Kenner hoton wani halitta na fim ɗin, mai suna Snaggletooth, hoton kuwa baƙi da fari ne, kuma iyakarsa ƙugu. Sai suka yi kirdado, suka fitar da shi dogo cikin shuɗin kaya, alhali a fim gajere ne mai jan kaya. A 1995, da aka farfaɗo da jaruman Star Wars, sai aka yi musu ƙirji da damatsa irin na 'yan dambe, har da waɗanda a fim sirara ne. Masu tarawa suka yi ca. Binciken da Harrison Pope da abokan aikinsa suka buga a 1999 ya nuna cewa ƙwanjin irin waɗannan jarumai ya yi ta ƙaruwa cikin shekaru, har wasu suka wuce abin da jikin ɗan'adam zai iya kaiwa. A ƙarshen 2015 kuma aka yi ta surutu domin an fitar da wasu kayan wasa na sabon fim ɗin babu Rey, macen da ita ce tauraruwarsa, bisa tsohon zaton cewa yara maza ba sa sayen mace.

Wani abin mamaki (ko abin dariya, in mai karatu ya so) shi ne, kuskuren da aka yi ƙorafi a kansa jiya shi ne dukiyar yau. Shuɗin Snaggletooth ɗin nan ya fi na daidai tsada nesa ba kusa ba, saboda ƙarancinsa. Farcen babban yatsan G.I. Joe na farko a bai-bai aka dasa shi bisa kuskure, sai kamfanin ya bar shi haka don ya riƙa gane jabu. Haka kuma Boba Fett mai harba roka daga bayansa, wanda aka fasa sayarwa a 1979 bayan wani yaro ya rasu sakamakon haɗiye ɗan harsashin abin wasan wani kamfanin: ɗaya daga cikin samfuransa an yi gwanjonsa a 2024 a kan fiye da dala miliyan 1.3. Ashe mai tarawa ba inganci kaɗai yake nema ba, yana neman abin da maƙwabcinsa ba shi da shi. Duk wanda ya taɓa jin mata suna gardama a kan jeren ɗakin amarya, wannan ta ce kwallar da ta fi kauri, waccan ta ce furen fantekar yanzu ba ya daɗewa yake ɓarewa, to ya san irin wannan hali, kayan ne kawai suka bambanta.

Yadda abin ya iso gida

Mafi yawan kayan wasan roba na duniya a ƙasar Sin ake yin su, musamman a yankin Chenghai na birnin Shantou. Daga can sukan biyo jirgin ruwa zuwa Ikko, su iso kasuwar Sabon Gari a Kano, sa'an nan 'yan koli su ɗauko su zuwa kasuwar Birnin Kudu da ta Sara a ƙasar Gwaram, cinikin kuwa ya fi kankama a lokacin bukukuwan Salla. Abin da ke isowa ƙauye shi ne mafi araha: bebin roba mai jan baki da gashi ruwan zinariya, da sojan roba, da bindigar ruwa. Ƙorafin uwa a nan kusan ɗaya yake da na mai tarawa a can. Hannu ya cire tun kafin a gama yawon Salla, gashi ya tsige, fenti ya goge. Bambancin shi ne, shi yana da inda zai kai kuka har kamfani ya sauya kwali, ita kuwa ɗan kolin da ya sayar mata ya riga ya naɗe tabarmarsa ya nufi wata kasuwa, kuma shi kansa bai san wanda ya ƙera ba.

Ƙorafin siga kuwa a nan ya fi zurfi, domin ya taɓo addini da kamannin jiki. Malamai sun san hadisan da suka tabbatar da cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana, kuma a ruwayar Abu Dawuda har da doki mai fukafukai. A kan wannan ne malamai da dama suka keɓe abin wasan yara daga hukuncin sassaƙa surori. Sai dai wasunsu sun bambanta tsakanin ɗiyar kara wadda ba ta da ido ba ta da hanci, da bebin roba wadda aka fitar mata da kowace gaɓa. Irin wannan damuwa ce ta sa a 2021 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana teloli da masu kanti kafa mutum-mutumin tallar tufafi mai kai.

An yi yunƙurin amsa wannan ƙorafi. A 2003 aka fitar da Fulla, mai abaya da mayafi, don kasuwar ƙasashen Larabawa. A 2007 Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a Ikko, 'yan tsana baƙaƙe guda uku: Nneka ta Ibo, da Wuraola ta Yarbawa, da Azeezah ta Hausawa. Amma jikin nasu a Sin ake zubawa, a kawo Ikko a yi musu kitso da sutura, kuma siririn jiki ne irin na Barbie. Shi kansa Okoya ya bayyana cewa ya fara gwada masu kauri, yara suka ƙi su. Wannan ya nuna cewa idon yaro ma an riga an horar da shi. Ita kuwa Azeezah, sunanta kaɗai ya isa a tambaya: a wane gidan Bahaushe ake rubuta Aziza haka? Daga ƙarshen 2015 Haneefah Adam, 'yar Ilori, ta bi wata hanya, ta riƙa ɗinka wa Barbie hijabi da doguwar riga tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, har labarin ya zagaya duniya.

Abin da Haneefah ta yi shi ne abin da 'yan matan ƙauye suke yi ba tare da kowa ya ɗauki hotonsu ba. Bebin robar da hannunta ya cire ba a yar da ita: akan ɗaura mata ɗankwali a rufe tsigaggen gashin, a naɗa mata ƙyallen atamfa, a zizara mata kwalli, a goya ta. Mai ƙerawa ya ba da gangar jiki, yarinya ta ƙarasa sauran da hannunta kamar yadda kakarta ta yi wa kara. Abin da ke salwanta shi ne sanin yadda ake haɗa abin tun daga tushe, da kalmomin da ke tafe da shi: fere kara, da totuwa, da sille, da langalanga, da sunayen da yara ke raɗa wa sassan motarsu. Zanen Dutsen Mesa ya jira Fagg shekaru aru-aru saboda a dutse yake, ɗiyar kara kuwa damina ɗaya da gara sun ishe ta. 'Yan'uwa ɗalibai da ke shirin zuwa Birnin Kudu ko Gwaram tattara bayanan kundin digiri, in da hali su daidaita tafiyarsu da kaka, su nemi tsofaffin mata su haɗa musu 'yar tsana a gabansu, su rubuta sunan kowane abu da aka ɗauka da yadda aka sarrafa shi.