Auduga Marar Lamba: Wa Ke Yanke Mata Farashi A Ƙasar Ƙaraye Da Rogo?

Idan hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Janairu, manomin auduga na Yammedi a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, da takwaransa na Zarewa ko Fulatan a ƙasar Rogo, sukan sami kansu a gaban matsala guda. An gama tsinka, an danna kaɗa cikin buhuna, ga ɗan baranda ya iso ƙofar gida da sikelinsa. Manomi ya ji a rediyo, ko kuwa ɗansa ya karanto masa a waya, cewa auduga ta yi tsada a kasuwar duniya. Amma kuɗin da aka taya masa bai ko kama ƙafar abin da ya ji ba. Shi yana ganin an ƙware shi, mai saye kuma yana rantsuwa cewa kasada ya yi da dukiyarsa. Sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗa, domin farashin da ake shelarsa na audugar da aka duba aka ba ta lamba ne, wadda ke cikin buhun manomi kuwa babu wanda ya duba ta.

Da ba haka abin yake ba. Wannan yanki na yammacin Kano, wanda ya yi iyaka da Jihohin Katsina da Kaduna, yana cikin tsohuwar ƙasar auduga da ta miƙe daga Zariya zuwa Funtuwa da Malumfashi, kuma tun kafin zuwan Turawa masaƙa da marina na ƙasar Kano da kaɗar waɗannan wurare suke aiki. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta ta ƙasar Ingila domin samar wa masaƙun can auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sa'an nan aka shigo da irin Allen daga Amurka wajen 1912, wanda silinsa ya fi na kaɗar gida tsawo. Wani abin lura shi ne, a shekarun farko masaƙan gida sukan fi Bature taya kaɗa da daraja, har ya kan rasa ta saye.

Da tafiya ta yi nisa sai Gwamnati ta ɗauki cinikin a hannunta. A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Auduga ta Nijeriya, a 1954 aikin ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, a 1977 kuma aka kafa Hukumar Auduga ta ƙasa mai hedikwata a Funtuwa. A duk tsawon wannan zamani tsarin kusan ɗaya ne. Ana raba wa manoma iri kyauta, ana shelar farashin kowace lamba kafin a buɗe kasuwa, kuma audugar da za ta tafi injin gurza a fuloti ake sayen ta. A can malamin duba zai sa a zazzage buhu a shimfiɗa, ya tona da hannu, ya dubi fari da tsabta, ya dubi ganye da ƙasa da tabon da ƙwari ke bari, sa'an nan ya ce lamba ɗaya ce, ko biyu, ko uku. Wadda aka mayar, mai ita zai koma gefe shi da iyalinsa su tsince dattin, ya sake kawowa.

Kada mai karatu ya zaci wancan zamani ba shi da aibu. Hukumomin ciniki sun shafe shekaru suna biyan manomi ƙasa da abin da audugarsa ke samowa a waje, rarar kuwa Gwamnati ke juya ta, kuma koke-koke a kan awo da son kai wajen ba da lamba ba su taɓa yankewa ba. Amma duk da haka manomi ya san abu guda tabbas, watau idan ya tsaftace kaɗarsa akwai ladan da zai gani a hannu ranar. A 1986 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, aka bar kowa ya saya inda ya ga dama. Tare da farashin Gwamnati sai dubawar fuloti ita ma ta yi rauni, ciniki ya koma ƙofar gida da bakin kasuwar ƙauye, ana sayen buhu a ɗaure.

Tambayar yadda za a yi wa kaya marar lamba kuɗi alhali farashin mai lamba kaɗai aka sani, ba ta tsaya ga auduga ba. Ɗaya daga wuraren da ake yi mata lissafin ƙwaƙwaf a yau wata kasuwa ce da manomin Yammedi zai yi mamakin jin labarinta, watau kasuwar tsofaffin littattafan zane a Amurka, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna jere da juna, magana tana fitowa daga bakin mutanen da aka zana. Na yara ne a asali, amma waɗanda suka tsufa ba su lalace ba sun zama dukiya. Fitowa ta farko ta Action Comics, wadda aka buga a 1938 aka sayar santi 10, kuma a cikinta jarumin nan Superman ya fara bayyana, an yi gwanjon kwafe ɗaya nata a watan Afrilu na 2024 a kamfanin Heritage a kan dala miliyan 6. Ba a biya wannan kuɗi da ka ba. Kwafen ya bi ta hannun wani kamfani mai suna CGC, wanda aka kafa a 2000 kuma yake Jihar Fulorida, aikinsa ke nan duba irin waɗannan littattafai, ya ba su maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe su cikin gidan roba mai hatimi. Wancan kwafe maki 8.5 ya samu. A taƙaice, malamin duba ne na fuloti, sai dai shi takarda yake tonawa.

Wanda ya tsinci tsohon littafi cikin akwatin mahaifinsa kuwa, bai kai shi an duba ba, matsayinsa ɗaya da mai buhu a ɗaure. Gogaggun 'yan wannan kasuwa ba sa ɗaukar farashin mai hatimi su ɗora wa marar hatimi. Da farko sukan nemi kuɗin da aka biya a cinikin da ya faɗa, ba kuɗin da mai kaya ya sa wa kayansa ba, domin kowa na iya sa suna amma sallamawa ce ciniki. Sa'an nan su ƙiyasta makin da littafin zai samu, ba maki guda ba, a'a, tsakanin kaza da kaza, su karkata ga na ƙasa, saboda ido ya kan yi wa mai kaya ƙarya. Daga nan su cire kuɗin dubawa da na aikawa da na inshora da ladan dillali, da hasarar makonni ko watannin jira. Bayan duk wannan akwai ragi na shakka, domin mai yiwuwa wani ya taɓa liƙe yagewa ko ya ƙara launi a bango, abin da ido ba ya gani sai gwani, kuma idan aka gano, kamfanin ya kan sa wa littafin takarda mai launi dabam, darajarsa ta faɗi ƙwarai.

Akwai abubuwa biyu da suka koya da wuya. Na farko, farashi ba ya hawa daidai da maki kamar matakala. A can sama, ratar da ke tsakanin 9.6 da 9.8 takan iya ninka kuɗin littafi, alhali a ƙasa ratar maki guda cur ba ta sauya abu mai yawa. Na biyu ya fi wannan zurfi. Littattafan da ake kai wa dubawa zaɓaɓɓu ne, domin ba mai biyan kuɗin duba a kan kwafen da ya san ya ruɓe. Saboda haka lissafin cinikin masu hatimi labarin na gaba-gaba yake bayarwa, kuma duk littafi mai tsada da aka kawo kasuwa babu hatimi, mai saye zai tambayi kansa dalilin da ya hana mai shi kai shi.

Idan aka dawo da wannan lissafi gida, za a ga inda farashin rediyo ke zubewa kafin ya iso Yammedi. Farashin da ake ji daga kasuwar Niyok, da ma'aunin Cotlook da ake fitarwa daga Ingila, na audugar da aka gurje ce, aka ɗaure ta dila-dila, aka auna tsawon silinta da ƙarfinsa da launinsa. A Amurka ma'aikatar gona ce ke yin wannan awo da na'ura, kusan dila bayan dila. Manomi kuwa kaɗa yake sayarwa da anguryarta, kuma a cikin kilo 100 abin da ke fita na auduga tsantsa bai fi kilo 35 zuwa 40 ba, sauran angurya ce da datti. Anguryar tana da nata kuɗi wajen masu matsar mai da masu kiwo, ya kamata a sa ta a lissafi, kuma a nan ne manomi ya kan yi sakaci. Sai a cire kuɗin mota zuwa injin gurza, da ladan gurza, da na ɗauri. Abin da ya rage shi ne farashin kaɗa lamba ɗaya a ƙofar gida, in da akwai mai ba da lambar.

Tun da babu shi, mai saye matsakaici yake biya. A ɗauka, don misali kawai, lamba ɗaya naira 1,000 ce kilo, lamba biyu 800, lamba uku 500. A ɗauka kuma ɗan baranda ya saba ganin cewa cikin kowane buhu goma, biyar ne masu kyau, uku tsaka-tsaki, biyu marasa kyau. Idan ya haɗa ya raba, naira 840 ce za ta fito, kuma ita zai taya wa kowa ba tare da ya zalunci kasuwa ba. To amma wanda ya bi gonarsa sau uku yana tsinka da sanyin safiya bayan raɓa ta bushe, ya ware tsinkar fari da ta ƙarshe, an rage masa naira 160 a kowane kilo. Wanda ya bari kaɗa ta zuba ƙasa ya share da ganye, an yi masa kyautar 340. Baɗi na farkon ba zai sake wahalar da 'ya'yansa ba. Idan buhuna masu kyau suka koma biyu cikin goma, sauran takwas suka rabu huɗu-huɗu, matsakaicin ya sauko 720, kuma haka zai yi ta sauka. Ɗaliban tattalin arziki za su gane wannan, shi ne abin da George Akerlof ya bayyana a 1970 game da kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001: inda mai saye ba ya iya bambance nagari da mugu, nagari ne ke barin kasuwa.

Abin da ya faru da audugar Nijeriya ke nan bayan 1986. Yayyafa wa kaɗa ruwa da cusa yashi ko tsakuwa a tsakiyar buhu domin ƙarin nauyi sun yawaita, masu saye kuma suka rama da ragi a kan kowa, mai gaskiya da maƙetaci. Sai kuma wata ɓarna da ba ta mugunta ba ce, watau zuba kaɗa cikin buhunan leda irin na taki. Zaren ledar ya kan tsinke ya shige cikin auduga, injin gurza ba ya iya raba su, kuma ba ya kama rini, sai an saƙa yadi an rina sa'an nan ya fito fili. Saboda wannan masaƙun waje suka riƙa yi wa audugar ƙasar nan ragi tun kafin su buɗe dila. Masaƙun gida da a da ke shanye ta, tun daga ta Kaduna da ta fara aiki a 1957, yawancinsu sun rufe, manoman Ƙaraye da Rogo da dama kuma sun mai da gonakinsu ga masara da waken soya, waɗanda su ma a buhu a ɗaure ake sayen su.

Ma'aikatan gona da na ƙungiyoyin gama-kai da ke tunanin gyara suna iya aron ƙa'ida ɗaya daga 'yan littattafan Amurka: ba a kai kaya dubawa sai ratar da ke tsakanin lamba da lamba ta fi kuɗin dubawar. Littafin dala biyar ba ya ɗaukar kuɗin hatimi, haka manomi mai buhu uku ba ya ɗaukar kuɗin mota zuwa Funtuwa shi kaɗai. Amma manoma arba'in na gunduma ɗaya, idan suka tara kaɗarsu wuri guda a rana guda, suka ware ta kashi uku da kansu cikin buhunan yadi, kowane buhu da sunan mai shi, ga sikelin da aka tabbatar da ingancinsa, sun isa su kira wakilin injin gurza ya zo ya taya kowane kashi dabam. Wannan ba ya bukatar a dawo da tsohuwar Hukuma ko a yanke farashi daga ofis. Abin da ke da wuya shi ne samun mai duba wanda ba yaron mai saye ba ne, ba kuma ɗan'uwan mai sayarwa ba, da kuma sanin aljihun da albashinsa zai fito. Kamfanin Fulorida mai littafi ne ke biyansa ko makin ya yi masa daɗi ko bai yi ba, kuma masu duba na kamfanin an hana su cinikin littattafan da kansu.