Kunyar Ɗan Fari da Yaron da Bai Buɗe Baki Ba

A ranar awo a wata likita ta karkarar Mayahi, za ka ga yarinya 'yar shekara 16 da goyo, ta rufe rabin fuska da mayafi. Malamar awo ta tambayi sunan yaron, sai ta sunkuyar da kai, uwar mijinta ce ta amsa. Ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. An auna nauyinsa, an zagaya damtsensa da ma'aunin tamowa, an sallame su. Shekararsa biyu bai ce "inna" ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Irinta suna da yawa. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa kashi 89. Tun 2006 gwamnati ta sa maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma masu gyaran magana ƙalilan ne, yawancinsu a Yamai, tafiyar yini guda daga Mayahi. Yarinyar da sai da izinin miji da kuɗin mota za ta fita, ina ita ina Yamai?

A gida kuwa amsa a shirye take: "Nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi." Wani lokacin gaskiya ne. Sau da yawa kuma kunne ne: sanƙarau, ƙyanda, ko mugunyar da ta daɗe tana zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kare ta. Yaro ɗan shekara ɗaya ya kamata ya waiwayo in an kira shi, ɗan shekara biyu ya haɗa kalma biyu. Tambayar wannan ba ta cin ko dala.

Ni dai ban ga laifin kunya ba, tarbiyyarmu ce. Abin da ke damuna shi ne yaro da jin magana yake koyon magana, uwar da ta fi kowa kusa da shi kuma an ɗaure mata baki. Don haka kaka ce za a fara shawo kanta. In ta ce, "'Yar nan, yi masa hira a ɗaki, ba mai jin ki," an gama. Ita ce kuma za ta tari maigida da batun kai yaron Maraɗi a duba kunnensa, tun bai isa shiga lakwal ba.